Sa Ɗaya da Jakin Batulu

A Farin Dutse Barau uku ne, saboda haka duk baƙon da ya shigo yana neman Malam Barau sai an tambaye shi wanne. Akwai mai shayi, akwai na bakin masallaci, sannan akwai Barau mai jaki. Shi wannan na ƙarshen sunan bai daɗe da kama shi ba, kuma ba a yi shawara da shi wajen raɗa masa ba. Jakin ma ba nasa ba ne, na matarsa Batulu ne. Da ribar ƙuli-ƙuli ta saye shi, yana ɗauko mata gyaɗa da itace.

Dogo ne siriri, ya ɗan ba sittin baya. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka, gadon da riƙon garma ya bar masa ke nan. In ya zauna a majalisa bayan La'asar sai ya jingina da bango ya lumshe ido, a yi ta hira a kansa kamar ba ya nan. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba aka cire shi aka miƙa masa fartanya. Allah ya ba shi 'ya'ya mata huɗu, namijin da ya samu bai yi kwana ba. Manyan biyu suna ɗakunansu. Saura Ikilima, wadda ke makarantar koyon aikin jinya a Birnin Kudu, da auta Zahara'u da ke sakandaren kwana.

Makaranta ba ta cinye gida a zama ɗaya, gutsura take yi. Ta fara da tumakin Batulu, ɗaya bayan ɗaya, har turken ya zama wurin shanya. Ta ci keken Barau. Ta ci amalanke. Shekarar da Ikilima ta shiga makarantar jinya ta ci langa-langar da aka tara don rufin ɗaki, har yau ɗakin da jinka yake. Duk wannan Barau bai ɗaga murya ba, domin yana da abu biyu da yake ganin ba za a taɓa ba: gonar riɗi ta bayan dutse, da shanun huɗarsa, Ɗanja da Wake. Gero na ciki ne. Riɗi shi ne na makaranta. Shi kuwa riɗi a wannan ƙasa mai tauri sai an yi masa huɗa, huɗa kuma sai da shanu.

Sai ga bazarar bara, Ikilima ta bugo waya, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai laifi. Akwai rajistar babbar jarrabawa, kuma ba a jiran kaka. Barau ya ce to. Ranar kasuwar garin Sara ya kora shanun duka biyu, da niyyar ya sayar da Wake. Dillalai suka zagaya Wake suka taɓe baki, suka dafa ƙugun Ɗanja suka ce wannan suke so. Wake ba zai kai abin da ake nema ba. Barau ya tsaya a kara har rana ta karkata, sannan ya miƙa igiyar Ɗanja, bai kalli inda aka yi da shi ba.

Abin da ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne Mika'ilu. Mika'ilu taubashinsa ne, ɗan ƙanwar ubansa, tun suna yara ba sa haɗuwa ba su zagi juna ba. Shi ma sa ɗaya ya rage masa, ɗayan kumburin ciki ya kashe shi. Suka yi magana za su haɗa nasu biyun a karkiya ɗaya, yau gonar wannan, gobe ta wancan.

"Naka na wane ɓangare ne?" Barau ya tambaye shi tun kafin kasuwa.

"Nawa? Nawa ko a rufin ɗaki ka ɗora shi huɗa zai yi. Ka damu da naka ƙashin."

Barau ya san Mika'ilu da cika baki, amma ya yarda, don yana son ya yarda.

Ga wanda bai taɓa bin garma ba, sa sa ne. Amma shanun huɗa kowanne da gurbinsa tun ranar da aka hore shi. Na dama yana bin kwarin da aka riga aka tsaga, shi ke riƙe da layi. Na hagu yana taka tudu, inda ba a taɓa ba. Wanda ya saba da tudu in ka sa shi a kwari sai ya ga kamar rami za ka jefa shi. Ɗanja ne na kwari. Wake na tudu ne.

Da ruwa ya sauka sosai ƙasa ta jiƙa, suka fita da hantsi bayan dutse. Aka ɗora karkiya, Wake a hagu, san Mika'ilu a dama. Layin farko ya tafi lafiya, don babu kwari tukuna. Da aka juyo, san Mika'ilu ya ga kwari a gabansa, ya tsaya cik, ya yi huci, ya ture Wake da kafaɗa yana neman tudu. Wake ya ture shi. Garma ta yi tsalle ta fita daga ƙasa.

"Mika'ilu, wannan ai na hagu ne."

"Baƙunta yake yi. Gonarka ce ba ta yi masa ba, duk tsakuwa."

"Ka ce ko a rufin ɗaki."

"To ka ga rufin ɗaki a nan? Sauya su mana, a sa tsohon naka a kwari."

Aka sauya. Wake ya kalli kwarin, ya kalli Barau, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa kamar mai gaisuwa. Aka yi duka, aka yi lallashi, aka ja da igiyar hanci har jini ya fito. Rana ta take, abin da suka yi bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, shi ma a karkace kamar sawun maciji. Mika'ilu ya zauna a gindin ƙirya yana fifita da hula, dariyar ta ƙare masa.

"Sai dai a sake horar da ɗaya," ya ce.

"Kafin ya koya an yi kaka."

"To wa ya ce ka sayar da na kwari? Mutum ya sayar da liman ya bar ladan."

Barau ya sauke karkiya. Ya kwance Wake ya kora shi gida.

Ya zagaya masu shanun haya. Kowa ya ce sai ya gama tasa, sannan ta waɗanda suka biya tun rani, sannan a duba. Tarakta ba ta shiga bayan dutse. Gayya kuwa ta zama labari, samarin da za a kira suna Kano da Dutse a kan babura. Riɗi kuma yana da lokacinsa. In marka ta kama ba ka shuka ba, ka haƙura sai baɗi. In babu riɗi, babu shekarar ƙarshe ta Ikilima, kuma duk abin da makaranta ta gutsura a baya ya tafi a banza, har da Ɗanja.

Kwanakin nan ne, yana zaune a tsakar gida yana kallon jakin Batulu yana cin harawa a gefen Wake, Nijar ta faɗo masa.

Sau ɗaya tak Barau ya taɓa ƙetare iyaka, lokacin Ikilima tana goye. Shekarar an yi ƙarancin hatsi, sai ya bi motar wani Alhaji Abdulnasir na Gwaram a matsayin mai rakiyar kaya, masara za su kai ƙasar Damagaram su dawo da dabbobi. Bayan sun wuce Magarya motar ta karya ƙarfen ƙafar baya a bakin wani ƙauye da ko sunansa Barau ya manta yanzu. Direba ya koma neman ƙarfe, aka bar shi da gadin buhuna. Farkon damina ne. Wani dattijo mai suna Abdulsalami, wanda gonarsa ke bakin hanya, ya ce bai kamata Musulmi ya kwana a ƙarƙashin mota ba alhali ga zaure.

Da safe Barau ya ga abin da bai taɓa gani ba. Dattijon ya fito da sa ɗaya da jaki ɗaya, ya ɗaura su a garma ɗaya. Matarsa Mero, tsohuwa ƙanƙanuwa mai zanen baƙi, ta kama igiyar jakin tana gaba. Sa yana taku ɗaya, jaki yana biyu. Barau ya kau da kai yana danne dariya.

"Ɗan Najeriya, yi abarka," in ji Abdulsalami, ko juyowa bai yi ba. "Mutanen garin nan kowa ya yi tasa ya gama. Taka ce ta rage."

"Baba, ina ɗan'uwan san?"

"Yana lakwal."

Barau bai gane ba, sai da Mero ta ce masa makarantar boko suke nufi. Ɗansu yana karatu a Damagaram, 'yarsu a Magarya. San ya tafi wajen karatun namijin. Da Barau ya shiga cikin gida shan ruwa ya hangi bangon ɗakin Mero, duk zagayen tabo inda jeren tasoshi ya taɓa zama, babu ko ɗaya. Waɗannan sun tafi wajen macen. Tuwon da ake kawo masa zaure miyarsa kuka ce tsura, ba mai, ba daddawar kirki. Sai daga baya ya lura in ya ci da dare, su da safe fura ce tsararo kamar ruwan wanke ƙwarya. Ya kwance bakin buhu ɗaya ya ɗebo musu masara, ya ce ya ji ya gani in Alhaji ya tambaya. Abdulsalami ya sa aka mayar.

"Ba taka ba ce," ya ce. "In kana son taimako, zo ka riƙe mini garma, bayana ya ƙage."

Haka Barau ya yi kwanakin yana bin sa da jaki a ƙasar mutane. Da rana in sun zauna a inuwar gawo, dattijon yakan ɗebi ƙasa ya bar ta ta zube ta tsakanin yatsunsa.

"Ka gan ta? Ta tsufa. Ubanmu ya raba mana ita mu biyar. In na raba wa nawa, kowa wurin kabarinsa kaɗai zai samu. To me zan bar musu?"

"In sun gama suka manta da ku fa?"

Mero ce ta amsa, tana ɗaure bakin zane. "Sai su manta da mu a ƙoshe. Tashi, jaki ya huta."

Da aka gyara mota suka tafi. Barau bai sake komawa ba, bai kuma san abin da yaran suka zama ba, ko ma sun gama. Ya dawo ya ba da labarin a majalisa, Mika'ilu ya yi dariya har da faɗuwa. Amma da Ikilima ta isa shiga firamare Barau ya kai ta da kansa, da ta gama kuma ya ƙi cire ta, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Shi kansa ba lallai ne a ce ya tsaya ya haɗa abin biyu ba.

"Batulu," ya ce, idonsa a kan jakin. "Ara mini wannan."

"Taki za ka kai?"

"Huɗa."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube shi da kyau, irin duban da ake yi wa wanda zazzaɓi ya taɓa wa kai. Ya ba ta labarin daga farko, har da tabon tasoshi a bango, wanda bai faɗa a majalisa ba. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Wa zai ja maka shi? Ba ya bin kowa sai ni."

"Zan nemi wani."

"Wa? Mika'ilu? Ai sai jakin ya cije shi." Ta ɗauki ludayinta. "Malam, na aurar da biyu, ina da jikoki. Wanda zai yi magana don ya gan ni a gona, ya zo ya ja jakin."

Abin da Barau ya tuna shi ne jaki ba ya ja da wuya kamar sa, da ƙirji yake ja. Ya yanka tsohon buhu ya naɗe da tsummoki ya yi masa ɗamarar ƙirji. Ya sassaƙa guntuwar karkiya ta sa ɗaya ya ɗora wa Wake. Ya sari sandar marke mai kauri wadda za ta kwanta a bayansu a gicciye, igiyoyin sa a wannan bakin, na jaki a wancan, sarƙar garma kuma ta kama sandar. A nan tunaninsa ya tsaya. Ya san Abdulsalami bai ɗaura sarƙar a tsakiya ba, akwai wani tsagi da ya yi a gefe guda. Wane gefen? Ya rufe ido ya ga gawon, ya ga zanen Mero, ya ga har ƙudan da ke bin idon jakin, amma bai ga tsagin ba. Ya ce a ransa, ƙaramin ai shi ya kamata garma ta matsa kusa da shi, don kada a bar shi a baya. Ya yi tsagin a gefen jaki.

Labari ya riga su isa gona. Ko da suka ɓullo bayan dutse akwai mutane a kan iyaka, wasu da fartanya a kafaɗa kamar wucewa suke. Mika'ilu ne a gaba.

"Jama'a ku matsa, ga ango da amarya! Barau, wa ya ɗaura wannan auren? Nawa sadaki?"

"Ubanka ne waliyyi," in ji Barau, bai ɗago ba.

"Batulu, ke ce uwar amarya? Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. In an haihu me za a samu, sa mai dogon kunne?"

"Kai za a samu," ta ce. Aka kwashe da dariya, har da shi.

Jakin ya shiga kwari ba gardama, shi dama a ba shi hanya ya bi shi ne sana'arsa. Wake ya hau tudunsa. Barau ya yi bisimilla ya dasa garma. Taku kaɗan sandar ta karkace, jakin ya miƙe wuya, ƙafafunsa na baya suka yi rawa, ya zauna daɓas a cikin kwari kamar kare. Wake ya yi gaba shi kaɗai, ya juyo da garmar ta kwanta. Dariyar da aka yi har tsuntsaye suka tashi daga ƙirya.

Aka tayar da shi, aka sake. Ya sake zama. A karo na uku ya yi wani kuka mai tsawo, ya ƙi tashi sam. Barau ya saki garma ya tsaya. Ba dariyar ce ta dame shi ba. Gonar ya kalla, daga inda yake har gindin dutse, faɗinta duka, da ciyawar da ta fara rufe ta, sai ya ji shi ma yana son yin abin da jakin ya yi.

Batulu ta zagayo baya ta tsuguna tana duban sandar.

"Malam, wa ya ce ka sa sarƙar nan a nan?"

"Haka na gani."

"Ba haka ka gani ba. In ni da Zahara'u muka ratayo tulu a sanda, wajen wa ake matsar da tulun?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Wajena. Wanda kaya ya fi kusa da shi, shi ke ɗauka. Ka ɗora wa jakina gonar gaba ɗaya, ƙaton nan yana yawo."

Ya ciro wuƙa ya yi sabon tsagi a gefen Wake, ya mayar da sarƙar. Da ƙyar aka lallashi jakin da ɗan ƙuli-ƙulin da ke bakin zanen Batulu. Aka dasa garma. Wake ya ji nauyi ya sunkuyar da kai, jakin ya ɗan jijjiga ɗamara ya ga abin ya yi sauƙi, ya taka. Ƙasa ta buɗe ta kwanta gefe, baƙa, mai danshi. Suka kai ƙarshen layi suka juyo. Masu kallo suka ɗan jira ko za a sake faɗuwa, da ba a faɗi ba suka fara watsewa, don kowa yana da tasa gonar.

Kada a ɗauka daga nan abin ya zama daɗi. Huɗar sa da jaki ba ta da zurfi, kuma ba ta da sauri. Abin da Ɗanja da Wake ke gamawa kafin hantsi, yanzu sai a kai azahar. Jaki ba ya jure rana, sai a kwance shi a jira la'asar. Batulu ta daina ƙuli-ƙuli, ƙafafunta suka kumbura, in ta dawo sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi da kanwa kafin ta iya hura wuta. Barau kuwa kafaɗar nan ta dama ta kai in zai yi kabbara sai ya tallafa ta da hagu. Suka daina hira. Da safe ta ce "Mu je?" ya ce "Mu je." Yara a hanya suna bin su da waƙar da wani ya ƙaga, tun Batulu tana korarsu har ta bari.

Sun ci rabin gona da ɗoriya sai ga Ikilima, ranar wata Asabar, da jakarta a kafaɗa. Ba gida ta nufa ba, kai tsaye bayan dutse ta zo, don a mota ma ta ji ana labarin wani tsoho a Farin Dutse da ya haɗa sa da jaki. Ta tsaya a kan iyaka tana kallon uwarta cikin kwari, laka har ƙwauri. Ta durƙusa ta gaishe su, hawaye a idonta.

"An ba ku hutu ne?" in ji Barau.

"A'a, Baba."

"To lafiya?"

"Na zo ne… Ana iya ɗage shekara. Wasu suna yi. In zauna in kama wa Inna, baɗi in koma."

"Baɗi da wane san?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ke Ikilima," in ji Batulu, tana share gumi da bakin mayafi, "in kin zauna me za ki ja? Ɗamarar ɗaya ce, kuma ta jaki ce."

"Inna, ana yi da ku a mota."

"Sun biya kuɗin motar ai, su yi. Zo nan ki ga wani abu, tunda kin zo."

Ta ɗaga ɗamarar. Ƙirjin jakin ya saɓule, jan nama a fili, ƙuda na bi. Kwana biyu Batulu tana shafa masa man shanu abin yana ƙaruwa. Ikilima ta ajiye jaka ta tsuguna. Nan take fuskarta ta sauya, hawayen ya koma, ta fara ba da umarni kamar ba iyayenta ne a gabanta ba. A tafasa ruwa da gishiri. A daina man shanun nan. Buhun ne ke cin sa, a samo tsohon zane mai laushi a naɗe, a ɗaga ɗamarar sama da ciwon. Kuma ya huta gobe.

"Gobe?" in ji Barau. "Hadari na haɗuwa kullum."

"In bai huta gobe ba, Baba, jibi ba shi za ka samu ba."

Ya dube ta, ya dubi jakin. Ya ce to.

Mika'ilu, wanda ba a rasa shi inda ake abu, ya leƙo ta kan iyaka. "Likita, an fara aiki? Barau, ka sayar da sa don a yi wa jaki allura. Wallahi ka ci riba."

"Kawu, kai ma in ka zo zan duba ka," in ji Ikilima. "Layi ɗaya ne."

Ranar Lahadi jaki ya huta, su ma suka huta, karo na farko tun da suka fara huɗa da shi. Litinin da sassafe Batulu ta ƙulle mata ɗan yaji da garin kunu, Barau ya raka ta bakin titi. Ba su yi maganar ɗage shekara ba. Da motar Birnin Kudu ta tsaya ya ce mata, "Ki riƙe abin da kika je yi." Ta ce to. Ya juya kafin motar ta tashi, don rana na yi.

Ba su gama gonar ba. Marka ta kama su saura wajen kashi ɗaya cikin huɗu, can gindin dutse, ya zama na ciyawa. Abin da aka shuka ya fito, ba kamar na shekarun Ɗanja ba, amma ya fito. Da kaka suka yanke riɗin suka jingina shi tsaye ya bushe, suka kakkaɓe a kan tabarmi, Batulu tana tsince har wanda ya faɗa cikin ƙasa. Bai isa ba sai da aka haɗa da buhun wake da aka so a ci. Ikilima ta shiga shekararta ta ƙarshe.

Wata la'asar bayan an kai riɗi kasuwa, Mika'ilu ya shigo gidan wai aron gatari ya zo. Ya tsaya a gindin rumbu inda aka jingina sandar marken, yana shafa tsagin nan biyu da babban yatsa.

"Wannan na banza ne ko?"

"Na kusa da sa shi ne na gaske."

"Ni fa tambaya kawai na yi."

"Na sani. Gatarin yana bayan ƙofa."

Mika'ilu ya fita bai ɗauki gatarin ba.

Batulu tana tankaɗe a bakin murhu. Ta bari sai da sawunsa ya ɓace.

"Malam, Zahara'u ta aiko. Wai malaminsu ya ce in ta gama bana kada a bar ta a gida, kanta yana ja."

"Na ji."

"To?"

Barau ya kalli turke. Wake yana tuƙa a hankali, ƙashin ƙugunsa a waje, jakin a gefensa da farin tabo a ƙirji inda gashi ya ƙi fitowa. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya tallafi kafaɗarsa ya miƙe, don an fara kiran Magariba.

"Ranar kasuwa zan kora Wake, in leƙa wajen jakuna," ya ce. "In jakuna biyu ne, sai a mayar da sarƙar tsakiya."

Batulu ta ɗebo wani garin. Ta buga rariyar a gefen ƙwarya ta ci gaba da tankaɗe.